Jiki Gidan Gandu Ne

Bahaushe ya ce abin da ya taɓa hanci shi kan sa ido ruwa. A kan zumunci ake kawo maganar, amma wanda ya fara faɗinta a jiki ya gani. In aka bugi karan hanci, jijiyar wurin takan kai ƙara ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta aika wa ido, hawaye su cika shi tun mutum bai yi niyyar kuka ba. Akwai kuma wata 'yar kafa a lungun ido da ke tsiyayar da hawaye cikin hanci, shi ya sa mai kuka ba ya rabuwa da jan majina. Haka jikin yake tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Sai dai a makaranta babi-babi ake koya mana shi, yau zuciya, gobe huhu, mako mai zuwa ƙoda. Yaro ya tashi ya san sunan kowace gaɓa da siffarta, bai san abin da ke tsakaninta da maƙwabciyarta ba, alhali lafiya a wannan tsakanin take.

Ni a ganina babu abin da ya yi kama da jiki irin gidan gandu, wanda har yanzu ake samu a karkara: uba da 'ya'yansa maza da matansu da jikoki, katanga ɗaya, zaure ɗaya, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Da safe maza su tafi gonar gandu, da yamma kowa ya leƙa gayaunarsa. Mai gida ya fitar da awo, mai girki ta karɓa, wasu su yi surfe, wasu su kai niƙa, 'yan mata su ɗebo ruwa su cika randuna, yara su yi ta kai da komo da aike. Duk wanda ya zauna a irin wannan gida ya san abu guda. Ranar da mai ɗebo ruwa ta kwanta ciwo, ba ita ake fara ji ba, wanda ya dawo daga gona ya tarar tuwo bai sauka ba shi ne zai ɗaga murya. Mai ƙorafi daban, inda abin ya lalace daban.

Mutanen gidan su ne ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A jikin babban mutum akwai kimanin tiriliyan 30, kowace tana ci, tana amfani da iska, tana fitar da ƙazanta, kuma dukansu daga ƙwaya ɗaya suka yaɗu a cikin mahaifa, kamar yadda 'yan gandu suke tsatso ɗaya. Amma sana'arsu ba ɗaya ba ce. Waɗanda aikinsu ya zo ɗaya sukan haɗu su zama nama iri guda, masana kuma sun kasa naman jiki kashi huɗu. Akwai masu rufi da shimfiɗa: su ne saman fata, su suka lulluɓe cikin baki da hanji da hanyoyin iska, su ne katanga da zaure, su ke cewa wannan ya shigo, wancan ya tsaya a waje. Akwai masu ɗauri da tallafi, dangin da ya fi kowa rassa, don ya haɗa ƙashi da guringuntsi da agara da kitse, har da jini duk da kasancewarsa ruwa. Akwai tsoka, majiya ƙarfin gida, ita ma iri uku: wadda muke juyawa da ganin dama, da ta zuciya, da ta bangon hanji da jijiyoyin jini wadda ba ta jiran umarninmu. Na huɗu su ne jijiyoyin saƙo, daga ƙwaƙwalwa da laka har zuwa kan yatsa. Wani likitan Faransa, Xavier Bichat, shi ya dage cewa a daina kallon gaɓa a dunƙule, a dubi naman da aka gina ta da shi, domin cuta takan kama nama iri ɗaya a gaɓoɓi daban-daban. Iri 21 ya lissafa, ba tare da madubin likita ba, ya kuma rasu a 1802 yana ɗan shekara 30.

Gaɓa ita ce madafa, wurin da masu sana'a daban-daban ke haɗuwa a kan aiki guda. Ɗauki tumbi. Shimfiɗar cikinsa tana zubo da ruwa mai tsananin tsami wanda zai iya ƙona nama, tana kuma shafa wa kanta yauƙi don kada ita ta ƙone. A bayanta tsoka ce hawa uku, tana murɗa abinci tana dama shi. Naman ɗauri ya riƙe su wuri guda ya ba jijiyoyin jini hanya, jijiyoyin saƙo kuma su ke cewa yanzu a motsa, yanzu a dakata. Gyambon ciki da muke kira olsa wuri ne da shafen nan ya gaza, kuma duk da yunwa muke ɗora wa laifi, yawanci wata ƙwayar cuta ce da ke zama a tumbi, ko yawan shan magungunan kashe zafin ciwo.

Ciyar da gida kuwa ba a madafa ya faro ba, ba kuma a nan yake ƙarewa ba. Bi lomar tuwo ɗaya ka gani. Tun ba ta kai baki ba ido da hanci sun sanar da ƙwaƙwalwa, yawu ya tsinke. Harshe ya juya ta ya tura baya. A daidai haɗiya numfashi yakan ɗan tsaya, wani ɗan murfi ya rufe hanyar iska, wanda kuma ya haɗa magana da haɗiya ya ƙware. Tumbi ya dama, ya riƙa saki kaɗan-kaɗan cikin ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 6. Da hanji ya ji tsami ya iso, sai ya aika wa fankiriyas, wata doguwar gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, ta zubo ruwan da ke kashe tsamin ya narkar da abinci. Ya aika wa madaciya ita ma ta matso ruwan ɗacin da hanta ta tanada saboda man miya. Abin da ya narke ya ratsa bangon hanji ya shiga jini, amma ba a barinsa ya bazu haka nan. In ban da yawancin mai, da ke da tasa hanyar, akwai babbar jijiya da ke kwashe komai ta kai wa hanta tukuna. Hanta ce uwargida. Ita ke duba abin da ya shigo, ta adana wani, ta sarrafa wani, ta kashe dafin wani, sannan ta saki na rabo. Ƙwayar magani da jiƙon da mutum ya haɗiya duk ta hannunta suke bi, shi ya sa takan ji a jikinta in aka yi ganganci da su.

To ga hatsi ya samu, amma ba ya zama tuwo sai da wuta, wuta kuma ba ta ci sai da iska. Da iskar oksijin ƙwayar halitta ke ƙona sukari ta sami ƙarfi, iskar kuma daga huhu take zuwa. Mai kai wa kowa rabonsa har ƙofar ɗaki shi ne jini. Lita 5 ne kacal a jikin babba, amma zuciya tana tura kusan wannan adadin duk minti ɗaya, tana bugawa wajen sau 100,000 tsakanin dare da rana. Jajayen ƙwayoyin jini su ɗauko iska a huhu, su bi jijiyoyi suna ta ƙanƙancewa har a kai waɗanda suka fi gashi siranta, inda sai dai a wuce ɗaya bayan ɗaya. A nan ake sauke kaya, a kwaso gurɓatacciyar iska a mayar wa huhu. An daɗe kafin a gane wannan zagaye. Ibnun Nafis, likitan da ya tashi a Dimashƙa, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288, shi ya rubuta cewa babu kafa a bangon da ya raba zuciya biyu, dole jini ya bi ta huhu. William Harvey na Ingila ya nuna a 1628 cewa jinin nan guda ne ke tafiya yana dawowa, amma bai ga inda hanyar tafiya ta haɗu da ta dawowa ba. Sai a 1661 Marcello Malpighi na Italiya ya hango siraran jijiyoyin a huhun kwaɗo.

Gida irin wannan ba ya tafiya sai da magana, jiki kuma hanya biyu yake da ita. Akwai kira kai tsaye, na jijiya, a ambaci wane ya amsa nan take. Ka taka ƙaya, ƙafa ta ɗaga tun kafin ka san zafin, domin a laka aka yanke hukuncin. Akwai kuma sanarwar tsakar gida, wadda ake zubawa cikin jini ta zagaya ko'ina, wanda ta shafa kaɗai ke tashi. Su ne sinadaran da ake kira homon, kuma na farkon da aka gano, a Landan a 1902, shi ne saƙon nan da hanji ke aika wa fankiriyas. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne, a yawancin lamuran ba a ko shawartar mai gida, wato hankalinmu. Zuciya tana da abin da ke tayar da bugunta a cikinta. Hanji yana da ƙwayoyin saƙo na kansa sama da miliyan 100. Fankiriyas da kanta take ɗanɗana jini ta san sukari ya hau. Da a ce sai mun tuna za mu yi numfashi, da babu mai runtsawa. Wannan rahama ce babba da ba mu cika lissafawa ba.

Babu inda haɗin kan nan ke fitowa fili kamar azumin bazara, irin na 2022 da ya cinye watan Afrilu, lokacin da zafi a Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40. Tun asuba an rufe zaure, babu abin da zai shigo na awa 13 da ɗoriya, gida kuma dole ya ci ya sha. Duk sukarin da ke yawo a jinin mutum a lokaci guda bai wuce ƙaramin cokali ɗaya ba. Ƙwaƙwalwa kuwa, da nauyinta bai fi kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cin wajen kashi 20 na ƙarfin da ake samarwa, kuma ba ta da wata ajiyar kirki. Bayan sahur fankiriyas takan saki insulin, saƙonsa shi ne a kwashe a kai rumbu. Hanta ta tara wajen giram 100, tsokoki su tara ninkin wannan sau uku zuwa huɗu. Rana ta ɗaga, sukari ya fara ja da baya, sai fankiriyas ɗin dai ta canza magana, ta saki wani homon mai suna gulukagon: a buɗe rumbu. A nan akwai bambanci. Ajiyar hanta ta gandu ce, ana fitar da ita cikin jini kowa ya samu. Ta tsoka kuwa gayauna ce, tsokar da ta tara ita ke ci, ba ta da hanyar zuba sukarin cikin jini. Zuwa la'asar rumbun hanta ya yi ƙasa, an ƙara jingina ga kitse, tsohuwar ajiya. Tsokoki su koma cin mai su bar wa ƙwaƙwalwa sukari, hanta kuma ta shiga ƙera sabo daga ragowar abin da tsoka da kitse suka aiko mata.

Lamarin ruwa ya fi wuya, don shi ba shi da rumbu. Dole jiki ya tsaya a wajen digiri 37, kuma a irin wannan zafi ba shi da hanyar hucewa sai zufa. Mai aikin ƙarfi a rana yakan zubar da lita guda cikin awa. Fata tana kashe ruwa, to wa zai yi tattali? Ƙoda. A kowace rana ƙodojin nan biyu suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, su mayar da kusan duka, su bar kamar lita ɗaya da rabi ya zama fitsari. Da jini ya ɗan yi kauri, wani wuri a gindin ƙwaƙwalwa yakan ji, ya sa wata 'yar gaɓa da ba ta fi ƙwayar wake ba ta aika wa ƙoda a rage zubarwa. Shi ya sa fitsarin mai azumi da yamma yake kaɗan kuma ya yi ja. Ita ma ƙodar ba umarni kawai take jira ba. In ta ji ƙarfin jinin da ke zuwa mata ya ragu, sai ta saki wani sinadari, ya je ya yanki wani da hanta ta riga ta zuba a jini, a ƙarasa gyara shi galibi a huhu. Abin da ya fito ya tsuke jijiyoyin jini, ya sa 'yar gaɓar da ke zaune a kan ƙoda ta ba da umarnin riƙe gishiri, ya kuma je ƙwaƙwalwa ya tayar da ƙishirwa. Ƙoda da hanta da huhu da jijiya da ƙwaƙwalwa duk a kan aike ɗaya, mutum kuwa yana zaune a inuwa yana jan carbi, abin da ya sani kawai maƙoshinsa ya bushe. Wanda ƙodarsa ta yi rauni, ko mai ciwon suga da ke kan allura, wannan tattali ba ya tafiya daidai a jikinsa. Ya kamata ya ji ta bakin likita kafin ya ɗauka, addini ma ya yi wa marar lafiya rangwame.

Yanzu a koma kan wanda ya tarar tuwo bai sauka ba. Dattijo ne zai zo asibiti da kumburin ƙafa, ya daɗe yana shafa mata man zafi. Likita ya danna ƙaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa, sai ya bar ƙafar ya ce, "Baba, in ka kwanta rigingine numfashi yana yi maka wuya? Fitsarinka yana kumfa?" Dattijo ya ce, "Likita, ni fa ƙafa ce ta kawo ni." Ƙafar ce ta kawo shi, amma ba ita ce marar lafiya ba. Wataƙila zuciya ce ta gaji, jini ya taru a baya, ruwa ya tsattsafo ya gangara ƙasa. Ƙoda kuma da ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, sai ta zaci fari aka shiga, ta dinga riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa zuciyar kaya da kyakkyawar niyya. Wataƙila kuma ƙodar ce ke yoyon wani furotin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya, ko hanta ce ta daina ƙera shi. Kumburi ɗaya, gaɓoɓi uku ake zargi, babu ƙafa a cikinsu.

Haka mai ciwon ƙoda yakan ɗashe, a yi ta ɗura masa maganin ƙarin jini ba ya tasiri. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi, ɓargo yana ƙera sama da miliyan 2 a kowace daƙiƙa don maye gurbi, amma ƙoda ce ke aika masa yawan da ake buƙata. In ta yi shiru, ɓargo ya sassauta. Sikila, wadda ake haifar jarirai wajen 150,000 da ita duk shekara a Najeriya, a cikin jar ƙwayar nan matsalarta take: takan lanƙwashe, ta toshe siraran hanyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Amma ƙashi ne ke kuka, ido ya yi ɗorawa don tarkacen ya fi ƙarfin hanta, saifa ta lalace tun yaro yana ƙarami, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa a buɗe.

A shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa. Suka danganta abin da wankan jego da ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa: kanwa tana ɗauke da sinadarin gishiri mai sa jiki riƙe ruwa, zafi yana buɗe jijiyoyin fata, zuciyar da ta yi wata tara tana yi wa mutum biyu aiki sai a sake lafta mata. Binciken baya-bayan nan, musamman wanda ya fito daga Kano, ya fi karkata ga rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki. Ko wanne ne ya fi ƙarfi a ciki, mai jegon da ke haki, ƙafa a kumbure, tari ya hana ta kwanciya da dare, kada a ce gajiyar haihuwa ce. A kai ta a duba zuciyarta.

Akwai inda misalin ya tsaya. Ɗan gandu in ya ga dama yakan ware ya kafa nasa gidan, ya kuma rayu lafiya. Ƙwayar jiki ba ta da wannan dama. Shimfiɗar hanji kwana 3 zuwa 5 take yi a sake ta, kuma ƙwayar da ta tsufa ko ta lalace takan mutu da kanta in an ba ta umarni. Ranar da wata ta daina jin kira, tana ci daga rumbu ba ta yi wa kowa aiki, tana hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, har ta jawo wa kanta sababbin jijiyoyin jini ta tura 'ya'yanta wasu sassan gidan, wannan shi ne ciwon daji.

Abin da ke damuna shi ne, gaɓoɓin da suka fi hidima su suka fi shiru. Ƙoda takan rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum bai ji komai ba. Hawan jini yakan yi shekaru yana cin zuciya da ƙoda da ido da ƙwaƙwalwa ba tare da ko ciwon kai ba. Mu kuwa mai kuka muke bi. Kai ya sara, a aiki yaro kemis. Gwiwa ta motsa, a sayi haɗin ƙwayoyi a hannun masu talla, a rufe bakin mai ƙorafi ba a tambayi dalilinsa ba. Irin su diklofenak da ibufurofen kuwa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a jikin da zafin rana ya riga ya tsotse, suna kuma raunana shafen tumbi. A sassan Yobe da Borno ciwon ƙoda ya yi yawan da kowa ya shaida, wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako kuwa ya fi ƙarfin yawancin iyalai. Hanyar jin ta bakin masu shirun nan ba ɓoyayyiya ba ce: awon hawan jini, da ɗigon jini a yatsa don duba suga, da gwajin fitsari da ke nuna yoyon furotin tun kafin ƙafa ta kumbura. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai hawan jini ko mai suga a danginsa, ya kamata ya yi su ko da sau ɗaya a shekara, ko yana jin kansa garau.